Shin abin da talabijin ke nunawa game da masu lalurar otizim gaskiya ne?

"Assalamu alaikum, Likita. Ɗana yana da shekara 7, kuma bara ne likitoci suka tabbatar mana cewa yana da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Har yanzu kalmomin da yake faɗa ba su da yawa, ba ya jure hayaniya, kuma sai an taimaka masa wajen sa tufafi. Tun da 'yan'uwa suka ji labari, wasu suke ce mini in kwantar da hankalina, wai irin waɗannan yara duk masu baiwa ne, kamar likitan nan na shirin The Good Doctor. Wasu kuma cewa suke yi likitoci sun yi kuskure, domin yaron yana dariya, yana rungume ni, bai yi kama da waɗanda suke gani a talabijin ba. Shin abin da ake nunawa a waɗannan shirye-shirye gaskiya ne? Kuma ya dace in bar yayyensa su riƙa kallo domin su fahimce shi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya miki shi, ya albarkaci rayuwarsa da ta yayyensa. Idan na fahimce ki da kyau, abu uku kike son sani: ko kowane mai otizim yana da wata ɓoyayyiyar baiwa kamar yadda ake nunawa, ko dariya da rungumar da ɗanki yake yi suna rushe abin da likitoci suka gano, da kuma ko waɗannan shirye-shirye za su amfani yayyensa. Aikina shi ne gwajin yara masu jinkirin magana da mu'amala tare da ba iyayensu shawara, kuma ina iya gaya miki cewa maganganun nan biyu da 'yan'uwanki suke yi, duk da kamar kishiyoyin juna ne, daga rijiya ɗaya aka ɗebo su. Kowane ɓangare ya ɗauki mutum guda da marubuta suka ƙera domin labari ya yi armashi, ya mai da shi ma'aunin da zai auna kowane yaro da shi.

Kafin mu shiga batun talabijin, ya kamata mu tsayar da abin da ake nufi da lalurar kanta. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take girma da yadda take aiki, yana bayyana tun ƙuruciya kuma yana tare da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Likitoci suna duba abu biyu: wahala wajen sadarwa da mu'amala da mutane, sai kuma maimaita motsi ko magana, riƙo da tsari guda, zurfafa sha'awa a kan wani abu, da jin sauti ko haske ko taɓawa fiye da yadda sauran mutane suke ji, ko ƙasa da haka. Likita Leo Kanner ya bayyana ta a rubuce a 1943 a Amurka, bayan ya nazarci yara 11. Shekara guda bayan haka Hans Asperger ya rubuta game da wasu yara a Ostiriya waɗanda suke magana sosai amma mu'amala take ba su wuya. Daga baya likitar Birtaniya Lorna Wing ta yaɗa fahimtar cewa lalura ce mai faɗi wadda take da matakai iri-iri, kuma a 2013 kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke aiki da shi ya haɗe rabe-raben a ƙarƙashin suna ɗaya. A cikin wannan suna ɗaya akwai malamin jami'a da yake koyar da ɗaruruwan ɗalibai, akwai kuma baligin da bai taɓa furta jimla ba kuma yake buƙatar mai kula da shi dare da rana. Kimanin kashi ɗaya bisa uku suna da raunin fahimta tare da otizim ɗin, kuma tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 ba sa magana ko kuma kalmominsu kaɗan ne. Ki riƙe waɗannan alƙaluma biyu, domin su ne mutanen da talabijin ta fi mantawa da su.

Inda hoton mai baiwa ya samo asali

A shekarun baya, idan aka nuna yaro mai otizim a allo, ana nuna shi ne a matsayin wani sirri da aka kulle, wanda ba ya gani kuma ba ya ji. Shirin asibiti na Amurka mai suna St. Elsewhere ya ƙare a 1988 da nuna cewa wataƙila duk labarin da aka shekara shida ana kallo a cikin tunanin wani yaro mai otizim ya faru, yaron da mahaifinsa yake kallo yana mamakin abin da yake cikin kansa. A cikin wannan shekarar ce kuma fim ɗin Rain Man ya fito, inda Dustin Hoffman ya fito a matsayin mutumin da zai dubi tsinken sakace da ya zube a ƙasa ya faɗi adadinsa nan take, ya kuma riƙe lissafin katin caca a kansa. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar guda huɗu, kuma miliyoyin mutane a ranar da suka kalle shi ne suka fara jin sunan lalurar. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne, Kim Peek, mutumin da marubucin ya fara ɗaukar hoton jarumin daga gare shi, wata lalura ce daban ta halittar ƙwaƙwalwa take tare da shi. Duk da haka, tun daga lokacin aka ƙulla otizim da baiwa a zukatan jama'a, kuma talabijin ta gaji wannan ƙulli ta ci gaba da tafiya da shi.

Baiwar da ake magana gaskiya ce, ba ƙirƙira ba ce. Akwai masu iya faɗin ranar da kowace kwanan wata ta faɗo a shekaru masu nisa, akwai masu zana gari daga kallo ɗaya, akwai masu jin kiɗa sau ɗaya su maimaita shi. Likitan Amurka Darold Treffert, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin irin waɗannan mutane, ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 10 na masu otizim ne yake da wani abu irin wannan. Wasu masu bincike da suka sassauta ma'auni sun sami adadi mafi yawa. Kuma irin baiwar da take kai mutum ga shahara ta fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. A 2018 Anders Nordahl-Hansen da abokan aikinsa suka ɗauki jarumai 26 masu otizim daga fina-finai da shirye-shiryen talabijin, suka auna su da ma'aunin da likitoci suke amfani da shi. Sun tarar da cewa kusan rabinsu masu wannan baiwa ne. Sun kuma tarar da wani abu da ya fi jan hankalina: jaruman sun cika alamomin lalurar fiye da kima, kusan kowannensu yana ɗauke da yawancin alamomin da suke cikin littafi. A ɗakin gwaji abin ba haka yake ba. Wannan yaro yana haɗa ido amma ba ya amsa sunansa, wancan yana surutu amma ba ya gane ana yi masa wasa, wata kuma ba a ganin komai a tare da ita sai ta dawo daga makaranta ta fashe da kuka. Wanda ya koyi lalurar daga allo yana jiran ya ga alamomin duka a jiki guda, idan bai gani ba sai ya ce likita ya yi kuskure.

Dalilin da marubuta suke zaɓen mai baiwa ba boyayye ba ne. Shiri mai dogon zango yana buƙatar jarumin da zai warware matsala a kowace fitowa, kuma baiwa tana ba da abin da kyamara za ta iya nunawa. The Good Doctor, wanda tashar ABC ta nuna daga 2017 zuwa 2024, an ɗauko shi ne daga wani shirin Koriya ta Kudu na 2013, kuma an sake yin irinsa a Japan da Turkiyya. Duk lokacin da jarumin shirin, likita mai otizim Shaun Murphy, yake tunani, sai a zana jijiyoyi da gaɓoɓin jiki suna yawo a allo domin mai kallo ya ga abin da yake gani. Haka Extraordinary Attorney Woo na 2022, labarin wata lauya 'yar Koriya mai otizim da ta haddace dokoki, wadda duk lokacin da dabara ta zo mata sai a nuna manyan dabbobin teku da take ƙauna suna iyo a sararin sama. Wannan shiri ya fara da ƙasa da kashi 1 cikin 100 na masu kallo a ƙasarsa, ya ƙare da sama da kashi 17. Kasuwa ta nuna abin da take so, kuma masu zuba kuɗi sun ji.

Abin da ya fi damuna a waɗannan labarai ba yawan baiwar ba ne, sharaɗin da aka ɗora a kanta ne. A fitowar farko ta The Good Doctor, shugabannin asibiti suna gardama a kan ko za su ɗauki Shaun aiki, kuma abin da ya karya gardamar shi ne ceton ran wani yaro da ya yi a filin jirgin sama ta wata dabara da ba kowa zai yi tunaninta ba. Ma'ana, sai da ya yi abin mamaki kafin a ba shi kujerar da wani likita yake samu da takardunsa kawai. Mai kallo yana tashi da tunanin cewa ana haƙuri da halayen mai otizim ne saboda akwai ribar da za a ci a gaba. To, ina makomar wanda ba shi da abin biya? Wani nazari da gwamnatin Birtaniya ta wallafa a 2024 ya nuna cewa kimanin mutum 3 ne kawai cikin 10 na masu otizim da suka kai shekarun aiki suke da aikin yi, a ƙasar da take da dokokin hana wariya. Domin a yi adalci, shirin lauyar nan ya taɓo wannan batu a fitowarsa ta uku, inda ta kare wani saurayi mai otizim wanda maganarsa kaɗan ce, kuma iyayensa suka kasa jure kwatanta ɗansu da ita. A ganina wannan ita ce fitowa mafi gaskiya a shirin duka, amma fitowa ɗaya ce cikin 16.

Batun dariya da runguma

Yanzu ga masu cewa ɗanki ba shi da lalurar tunda yana rungumarki. Wannan ma daga allo aka koye shi. Hoto na biyu da talabijin take yawan zanawa shi ne na mutum mai sanyin zuciya, mai magana da murya ɗaya kamar na'ura, wanda ba ya damuwa da kowa. Sau da yawa ma ba a faɗin sunan lalurar. Sheldon Cooper na The Big Bang Theory yana da wurin zamansa da ba ya yarda kowa ya zauna, ba ya gane gatse, yana ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, amma masu shirin sun ce ba su rubuta shi a matsayin mai otizim ba. Haka 'yar sandar nan Saga Norén ta shirin The Bridge na Suwidin da Denmark. Wannan hanya tana ba marubuci damar sa mutane dariya da alamomin lalura ba tare da ya ɗauki nauyin bayyana ta daidai ba, masu kallo kuwa su ne suke cike gurbin, su tafi da abin da suka gani a matsayin ilimi.

Abin da nake gani a wurin aiki ya saɓa wa wannan hoto. Yara masu otizim suna shaƙuwa da iyayensu, suna kishi, suna jin kunya, suna dariya har su faɗi. Da yawansu ma matsatsiyar runguma suke so domin tana kwantar musu da jiki, ko da yake wasu ba sa jure a shafa su a hankali. Wahalarsu tana wajen karanta fuska da murya cikin sauri, da kuma nuna abin da suke ji ta hanyar da aka saba gani. Yaron da ya ga mahaifiyarsa tana kuka ya je ya ɗauko motar wasansa da ya fi so ya ajiye mata a cinya ba tare da ya dube ta ba, ya yi jaje, sai dai ba kowa zai gane ba. Damian Milton, masani ɗan Birtaniya wanda shi kansa mai otizim ne, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangare biyu yake: kamar yadda mai otizim yake wahalar karanta sauran mutane, haka su ma suke wahalar karanta shi. Labarin sanyin zuciya yana da mummunan tarihi. A tsakiyar ƙarni na 20 an daɗe ana zargin iyaye mata cewa rashin nuna ƙaunarsu ne ya jawo lalurar, zargin da masanin halayyar yara Bruno Bettelheim ya yaɗa, wanda bincike ya rushe gaba ɗaya. Yau an san cewa gado ne yake da kaso mafi girma a cikin dalilanta.

Akwai wurare biyu da kuskuren allo yake iya cutarwa kai tsaye. Na farko shi ne birkicewa. Idan hayaniya ko haske ko sauyin tsari suka fi ƙarfin yaro, yana iya kururuwa, ya faɗi ƙasa, ya bugi kansa. Kyamara tana son wannan lokaci saboda yana girgiza mai kallo, amma ba kasafai take nuna sa'o'in da suka gabace shi ba, lokacin da yaron yake ta toshe kunne yana neman mafita ba wanda ya lura. Sai mai kallo ya ɗauka abin yana faɗowa ne haka kawai, ko kuma rashin tarbiyya ne. Fim ɗin Music na mawaƙiya Sia, wanda ya fito a 2021, ya nuna ana danne yarinya mai otizim a ƙasa domin a kwantar da ita, kuma ƙungiyoyin masu lalurar suka yi ca a kansa saboda irin wannan dannewa ta sha kashe yara ta hanyar toshe numfashi, har mai fim ɗin ta nemi afuwa. Kada kowa a gidanku ya kwaikwayi wannan. Abin da ake yi shi ne a rage hayaniya da haske, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a rage magana, a jira. Na biyu shi ne batun rigakafi. A 2008 shirin Eli Stone ya buɗe da shari'ar da aka nuna wata uwa ta yi nasara a kan kamfanin allurar rigakafi bisa zargin jawo wa ɗanta otizim, duk da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nemi a dakatar da fitowar. Rubutun likitan Birtaniya Andrew Wakefield na 1998 da ya haifar da wannan tsoro, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, an kuma soke lasisinsa na aikin likita. Manyan bincike a kan ɗaruruwan dubban yara ba su sami wata alaƙa tsakanin rigakafi da otizim ba.

Waɗanda ba a gani, da abin da ya fara sauyawa

Na daɗe ina lura cewa mai otizim na talabijin yawanci saurayi ne, farar fata, ɗan gidan masu hali, mai magana tiryan-tiryan. Ana gano lalurar a maza fiye da mata kusan ninki huɗu, amma bincike ya nuna ainihin tazarar ba ta kai haka ba, domin 'yan mata da yawa suna koyon ɓoye alamominsu ta hanyar kwaikwayon ƙawaye, sai a makara wajen gano su. A rahoton 2023 na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wanda ya sami yaro 1 cikin 36 yana da lalurar, adadin da aka gano a tsakanin yara baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya da Latin Amurka ya zarce na farar fata. Tsofaffi masu otizim kuwa kusan babu su a allo, haka masu farfaɗiya da matsalar barci da matsalar cin abinci, waɗanda su ne suke cinye ƙarfin iyaye a kullum.

Shirye-shiryen da suka mai da hankali ga iyali sun fi kusa da rayuwarki. Parenthood na Amurka, wanda Jason Katims ya shirya yana da ɗa mai lalurar, ya nuna fafutukar neman makaranta da yadda yayar yaron take jin an manta da ita. The A Word na BBC, wanda ya fara a 2016, labarin wani yaro ne ɗan shekara 5 da yake yawo da na'urar sauraron kiɗa a kunne, da iyalin da suka daɗe suna ƙin furta sunan abin da yake damunsa. Ina ganin amfaninsu ga manya, amma suna da nasu tarkon: yaron yakan zama matsalar da ta faɗo wa gida, labarin kuma ya zama na hawayen iyaye, ba a tambayar yadda shi yake ganin duniya.

Sauyin da aka samu a shekarun nan ya zo ne daga matsin lambar masu lalurar da kansu. Da Netflix ta fitar da Atypical a 2017, an soki shirin saboda ƙarancin masu otizim a cikin waɗanda suka yi shi, sai a zango na biyu aka ɗauki marubuci mai lalurar, David Finch, a matsayin mai ba da shawara, aka kuma ƙara 'yan wasa masu otizim. Kayla Cromer ta fito a Everything's Gonna Be Okay a 2020, Chloé Hayden ta fito a Heartbreak High na Ostareliya a 2022, dukansu mata ne masu otizim da suka taka rawar masu otizim. As We See It na Amazon ya ba wa 'yan wasa uku masu lalurar manyan rawar shirin, ya nuna su suna fama da aiki da haya da neman abokin zama ba tare da wata baiwa ta ban mamaki ba, kuma an dakatar da shi bayan zango ɗaya. Ana yawan gardama a kan ko dole ne mai otizim ya taka rawar mai otizim. Ra'ayina shi ne hakan yana da amfani, domin motsin hannu da kaucewar ido suna fitowa daga ciki maimakon a kwaikwaye su, kuma yana buɗe ƙofar aiki. Amma wanda yake riƙe da alƙalami ya fi wanda yake gaban kyamara tasiri, tunda shi ne yake yanke hukuncin ko za a yi dariya tare da jarumin ko a yi masa dariya. Sannan ko wannan ci gaba yana da iyaka: wanda zai iya haddace rubutu ya jure fitilun wurin ɗaukar shiri yana daga cikin masu sauƙin lalura, don haka yara irin ɗanki har yanzu su ne a baya.

Abin da zan ba ki shawara a kai

Ki bar yayyensa su kalla, amma ki zaɓa musu, kuma ki zauna tare da su. Ga ƙanana, 'yar tsana mai otizim, Julia, da shirin yara na Amurka Sesame Street ya shigo da ita a 2017 mafari ne mai kyau. A fitowarta ta farko an gaishe ta ba ta amsa ba, mai gaisuwar ya ɗauka ba ta son sa, sai aka yi masa bayani, daga baya kuma ƙarar jiniya ta firgita ta aka kai ta wuri mai shiru. Wannan darasi ne da yaro ɗan shekara 6 zai iya amfani da shi a ranar. Pablo, zanen yara da aka nuna a tashar yara ta BBC, masu otizim ne suka yi muryoyinsa kuma suka sa hannu a rubutunsa. Akwai kuma gajeren zane na kamfanin Pixar mai suna Loop, na 2020, game da yarinyar da ba ta magana da yaron da aka haɗa su a kwalekwale ɗaya, wanda sai da ya daina surutu ya fara lura kafin su fahimci juna. Wannan shi ne mafi kusa da halin da yayyen ɗanki suke ciki. Shirye-shiryen manya irin su Heartbreak High da As We See It suna da batutuwan da ba su dace da yara ba, ki fara dubawa da kanki.

Bayan kallo, ki tambaye su abu biyu: me suka gani da ya yi kama da ƙaninsu, me kuma bai yi kama da shi ba. Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci, domin ita ce take koya musu cewa ba a taru an zama ɗaya ba, kuma su ne suka fi marubucin shirin sanin ɗan'uwansu. Ki ba su dama su faɗi abin da yake ɓata musu rai ba tare da an tsawata musu ba. Yayye da yawa suna ɗauke da kunya da kishi da tsoro a ɓoye saboda an ce musu su ne masu lafiya, sai su yi haƙuri.

Game da masu yi miki albishir da baiwa, niyyarsu mai kyau ce, amma kada maganarsu ta tsara miki rana. Na sha ganin iyaye sun duƙufa suna gwada yaro da lissafi da haddar lambobi suna neman baiwar da aka yi musu alkawari, alhali yaron bai da hanyar da zai ce yana jin ƙishirwa ko cikinsa yana ciwo. Idan watanni suka wuce ba a ga abin mamaki ba, sai baƙin ciki na biyu ya sauka, wani lokaci ya fi na ranar da aka faɗa musu sakamakon gwaji. A shekara 7, abin da ya fi cancantar ƙarfinki shi ne sadarwa ta kowace hanya, ko da magana, ko da katunan hotuna, ko da alamar hannu, ko da manhajar waya mai furta kalmomi, kuma amfani da waɗannan ba ya hana magana fitowa. Sai koyon sa tufafi da shiga banɗaki mataki-mataki, da gano sautukan da suke damunsa. Idan yana da abin da yake matuƙar so, ko ruwa ne, ko tayoyin mota, ko wata waƙa, ki yi amfani da shi a matsayin ƙofar koyarwa, ba sai ya zama baiwa ba.

Ban ga ɗanki ba, saboda haka ba zan iya tabbatar da sakamakon gwajinsa ko in yi hasashen inda zai kai daga wasiƙa ba, kuma ni mai duba lalurar ne daga waje, masu ɗauke da ita suna da abin faɗa da ya wuce nawa, musamman manyan da suka tashi ba sa magana suka koyi rubutu daga baya. Idan shakkar 'yan'uwa ta fara shiga zuciyarki, ki koma wurin waɗanda suka yi masa gwajin ki nemi su nuna miki alamomin da suka dogara da su ɗaya bayan ɗaya, ki kuma tambaya ko an duba jinsa, domin raunin ji yana iya ƙara jinkirin magana kuma ana iya samun su tare. Idan da hali, ki tafi da ɗaya daga cikin masu shakkar ya ji bayanin da kunnensa.